Daga filin jirgin Jidda zuwa ɗakin otal: yadda za ka san wanda ke da alhakin motarka da jakarka

Idan ka biya kuɗin Umra, maganar da ejan zai sallame ka da ita ba ta wuce guda: "Alhaji, komai yana ciki." Tikiti, biza, masauki, mota. To amma jakar da ka miƙa a Kano ko Abuja ko Yamai, kafin ta shiga ɗakinka a Makka sai ta bi ta hannun kamfanoni huɗu ko biyar, kuma babu mai amsa laifin wani a cikinsu. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma a harkar kaya yawan hannun shi ne ciwon. Kamfanin jirgi ba ruwansa da bas ɗin da bai zo ba, otal ba ruwansa da akwatin da ya maƙale a Alƙahira, ejan kuwa yana gida yana barci.

Abu biyu za ka riƙe, sauran duk a kansu suka doru. Jaka tana wuyan wanda ya karɓe ta ya ba ka shaidar karɓa. Mota tana wuyan wanda ka ba kuɗinta, ko da sunan wani ne a rubuce a jikinta.

Mataki na farko: ka warware "komai yana ciki" tun kana gida

Ka zauna da ejan, ko ka tura masa saƙo ta WhatsApp don maganar ta zauna a rubuce, ya faɗa maka tafiya nawa ke cikin kuɗin. Umra ta yau da kullum tana da uku: daga filin jirgi zuwa Makka, daga Makka zuwa Madina, daga Madina zuwa filin jirgin da za ka tashi. Wasu suna sayar da ta farko kaɗai su kira shi "da mota". Ka tambayi kuma irin motar, domin akwai bambanci tsakanin ƙaramar mota taka kai da iyalinka da babbar bas wadda ba ta tashi sai mutum na ƙarshe ya fito daga shige da fice.

Sannan ka nemi sunan kamfanin Umra na Saudiyya da bizarka ta fito ta hannunsa, da lambar wakilinsa da zai tarye ku, wanda can suke kira mandub. Ejan ɗinka na gida ba shi da bas a Jidda. Yana aiki ne da wani kamfani mai lasisin Ma'aikatar Hajji da Umra ta Saudiyya, shi ma wannan kamfanin sau da yawa hayar motocin yake yi daga wani. Tun daga 2025 ma'aikatar ta shar'anta cewa bizar Umra ba ta fita sai an yi rajistar masauki a dandalin Nusuk, saboda haka wanda ya ce maka "sai mun isa za a san otal" bai gama faɗa maka gaskiya ba. Ka karɓi sunan otal da unguwarsa da Larabci, ka ajiye hotonsa a waya.

Shi kansa ejan ɗin, a Najeriya ka duba ko yana da lasisin NAHCON, hukumar alhazan da aka kafa a 2006, domin ita ke ba kamfanonin jirgin yawo izini. A Nijar wannan aikin COHO ne, hukumar shirya Hajji da Umra ta ƙasar. Ranar da za ka kai ƙara, wannan lasisin ne igiyar da za a iya ja.

Wanda ya kama otal da kansa ta intanet kuwa, kada ya ɗauka kalmar "akwai motar filin jirgi" tana nufin kyauta ce ko za ta zo da kanta. A yawancin otal-otal sai ka tura lambar jirgi da ranar sauka kafin a turo direba, kuma a ƙara kuɗin a lissafin ɗaki. Ka kula da kwanan wata. Saudiyya ta riga Najeriya da Nijar da awa 2, jirgin da ya tashi da dare ranar Talata yakan sauka ranar Laraba, kuma mutane da yawa sun yi ta jiran direban da ya zo jiya ya koma.

Mataki na biyu: haɗa kaya da wurin awo

Abin da ba za ka iya kwana biyu babu shi ba, kada ya shiga babbar jaka: fasfo, kuɗi, maganin hawan jini ko na suga tare da takardar likita, caja, tufafi na canji ɗaya. Batirin cajin waya dama doka ta hana sa shi a kayan da ke shiga cikin jirgi ta ƙasa. Namijin da zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye, haraminsa ya kasance a jikinsa ko a jakar hannu, tunda a sama za a wuce mikati.

Ka ɗauki hoton kowace jaka a buɗe, sannan a rufe. Ka rubuta suna da lambar waya a waje, ka kuma jefa wata takardar a ciki, don ta wajen takan tsinke. Idan ejan ya raba muku jakunkuna iri ɗaya, kamar yadda aka saba, ka ɗaura wa taka wani ƙyalle mai launin da ido zai kama daga nesa.

A wurin awo ne alhakin kamfanin jirgi ke farawa. Ma'aikacin zai ɗaura wa jakar doguwar takarda mai lamba, ya manna ƙaramin yankinta a bayan fasfonka ko a takardar shiga jirgi. Wannan 'yar takardar ita ce rasit ɗin jakarka, ka ɗauki hotonta nan take. Ka karanta haruffa ukun da ke jiki: JED Jidda ke nan, MED Madina. In ka ga CAI ko ADD kaɗai, to jakar a Alƙahira ko Adis Ababa za ta tsaya, kuma kai za ka ɗauke ta ka sake miƙawa. Hakan yakan faru ga wanda ya sayi tikiti biyu daban-daban don neman sauƙi.

Ka ƙirga takardun kuma. Jaka biyu ka miƙa, takarda biyu za ka karɓa, kuma ka tambayi ma'aikacin jaka nawa kwamfuta ta nuna da sunanka. Ba tsoratarwa ba ce. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Najeriya a Saudiyya kan jakar ƙwayoyi da aka yi wa rajista da sunanta ba da saninta ba, sai a watan Afrilun 2019 aka sake ta bayan binciken NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya gano masu hannu a filin jirgin Kano. Saƙon da wani zai roƙe ka a filin jirgi, "don Allah ka kai wa 'yar uwata a Makka", ka ba shi haƙuri. Goro ma hukumomin alhazai kullum gargaɗi suke yi a kansa.

Mataki na uku: kada ka fita ƙofar kwastan sai lissafinka ya cika

Nan ne aka fi yin asara, kuma gajiya ce ke jawo ta. An sauka da asuba, an sha layin shige da fice, bel ɗin kaya ya zagaya ya zagaya ya tsaya, jakarka ɗaya ba ta fito ba. Jagoran tawaga yana ɗaga murya, "Ku taho, mota na jira, za a kawo ta daga baya." Kada ka bi shi tukuna. Wanda zai kawo ta daga baya bai san ta ɓata ba sai ka faɗa masa a rubuce.

Da farko ka leƙa gefen bel ɗin, don ma'aikata sukan sauke jakunkuna su jera a ƙasa, ka kuma leƙa wurin manyan kaya. In babu, ka nemi teburin cigiyar kaya da ke cikin zauren. Mutumin da za ka tarar mai yiwuwa ba rigar kamfanin jirginka ce a jikinsa ba. Kamfanonin jirage hayar masu lodi da sauke kaya suke yi, irin su NAHCO da SAHCO a Najeriya ko SGS a Saudiyya, amma da sunan kamfanin jirgin yake karɓar kokenka, kuma kamfanin jirgin ne zai biya idan ta kai ga biya. Idan jirage biyu ka hau da tikiti ɗaya, wanda ya sauke ka shi za ka kama.

Zai cika maka takardar rahoto da ake kira PIR, ya shigar da ita WorldTracer, rumbun da kamfanonin jirage ke cigiyar kaya a cikinsa a faɗin duniya. Kada ka bar wurin sai da lambar rahoton a hannunka. Haruffa biyar ne da lambobi biyar: uku na filin jirgin, biyu na kamfanin. Da ita za ka riƙa duba inda aka kwana ta intanet.

Adireshin da za ka bayar shi ne inda mai Umra ya bambanta da sauran matafiya, domin ba wuri ɗaya zai zauna ba. Ka sa a rubuta otal ɗin Makka da ranar da za ka bar shi, da na Madina da tasa ranar, da ranar komawa gida. Ka ba da lambar da za ta shiga a Saudiyya. In ba ka sayi layin STC ko Mobily ko Zain ba tukuna, ka ba da ta mandub. Sannan ka yi tambaya ɗaya ƙarara: in ta iso, ku za ku kawo otal ko ni zan dawo? Yawanci kamfanin jirgi ne ke aikowa da kuɗinsa ta hannun masu kai saƙo, amma wani lokacin kwastan kan buƙaci mai kaya ya zo da kansa, kuma daga Makka zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz tafiyar kusan kilomita 100 ce. In ka isa otal ka sanar da masu karɓar baƙi cewa jaka na zuwa da sunanka, kada su mayar da ita.

Jakar da ta fito a fashe, ko taya ta cire, ko zif ya yage, ita ma a teburin nan za ka nuna ta kafin ka fita. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya da Saudiyya duk suka sa wa hannu, ta ce wanda ya karɓi kayansa bai yi ƙorafi ba ana ɗauka lafiya ya karɓe su, sai in ya kawo hujjar akasin haka.

Mataki na huɗu: daga ƙofar fita zuwa cikin mota

Da ka tura kekenka ka wuce kwastan, kamfanin jirgi ya sauke nauyinsa. Daga nan har ka shiga otal babu wata takarda da ke bin jakarka, idonka ne kawai.

Filin jirgin Jidda ba gini ɗaya ba ne. Akwai sabuwar tasha ta 1, akwai ta arewa, akwai tashar alhazai mai rumfuna wadda aka buɗe a 1981, kuma akwai tazara tsakaninsu. Ka san wadda ka sauka kafin ka kira mandub, don yawancin "ina nan ban gan ka ba" daga nan take. In ka ga mai ɗauke da allo, kada ka fara faɗa masa sunanka da otal ɗinka. Ka bari shi ya faɗa. Masu neman fasinja a bakin ƙofa sun iya amsa "eh, ni ne" ga kowace tambaya.

Sunan da ke jikin bas ba ya nuna mai ita.   Saboda haka rigima da direba ɓata baki ne. An ba shi jerin sunaye da adireshi ne kawai.

Ka tsaya a gindin bas har ka ga jakunkunanka sun shiga cikinta da idonka, sannan ka hau. Ka ɗauki hoton lambar motar. Idan tawaga babba ce aka ce kaya za su bi wata motar daban, ka tambayi wanda ya ƙirga su da wanda zai karɓa a can, kuma jakar hannu ba ta rabuwa da kai ko da an ce wuri ya yi kaɗan. Haɗarin da ya fi yawa shi ne bas mai sauke mutane a otal biyu ko uku. A kowace tsayawa mutum ɗaya daga cikinku ya sauka ya tsaya a bakin ma'ajiyar kayan, domin a nan ne jakar Hajiya ke bin wata tawagar zuwa unguwar Aziziyya ita kuma tana unguwar Misfala.

To idan motar ba ta zo ba fa? Ka kira mandub, ka tura wa ejan saƙo mai ɗauke da lokaci, ka ba su wa'adi mai ma'ana, awa ɗaya misali. In shiru, ka rubuta masa cewa za ka ɗauki mota kuma za ka nemi kuɗinka, sannan ka je layin tasi na filin jirgin ko ka kira Uber ko Careem, waɗanda ke barin shaidar biya a waya. In da mai tasi za ka yi ciniki, a gama shi kafin kaya su shiga but, a kuma fayyace har ƙofar otal ne. Tsoho da mai ƙananan yara sanye da harami ba su da dalilin kwana a kan benci don a tabbatar wa ejan laifinsa.

Akwai kuma jirgin ƙasa na Haramain da ya fara aiki a 2018, yana da tasha a jikin tasha ta 1 ta filin jirgin, kuma yana kai mutum Makka cikin ƙasa da awa ɗaya. Sai dai bai dace da mai tulin kaya ba: babbar jaka ɗaya ta kilo 25 da ta hannu aka yarje wa fasinja, kai ne mai ɗawainiya da su, kuma tashar Makka a unguwar Rusaifa take, sai ka ƙara hawa mota zuwa masauki.

Mataki na biyar: cikin otal

A lokacin cunkoso, Ramadan musamman, akan rufe titunan da ke kewaye da Harami dab da salla, bas ta sauke ku nesa da ƙofa. Masu turo keken kaya za su kewaye ku. Ma'aikacin otal yana da riga da bajo. Wanda ba shi da su ɗan dako ne mai zaman kansa, ku yi ciniki kuma ka bi shi ƙafa da ƙafa.

Idan ɗaki bai samu ba aka ce ku bar kaya a ƙasa ku je ku yi ɗawafi, ka nemi a ɗaura musu lamba a ba ka rabinta. Da wannan lambar jakar ta koma wuyan otal. Tarin jakunkunan da ake jibgewa a kusurwar zaure babu lamba, ba a hannun kowa suke ba, ko da mai gadi yana kallonsu. Haka za ka yi ranar fita in jirginka na dare ne.

Motar da otal-otal na Aziziyya da Kudai da makamantansu ke cewa tana kai mutane Harami kyauta ita kuma alhakin otal ce, ba ta ejan ba, sai in shi ya yi maka alkawarinta a rubuce. Ka tambayi inda take saukewa da lokacin da take tsayawa, don ba a bakin masallaci take ajiye mutane ba.

Mataki na shida: komawa

Kwana ɗaya kafin tafiya ka tabbatar da lokacin mota da tashar da jirginka zai tashi. In motar ejan ta makara jirgi ya tafi, kamfanin jirgi zai rubuta cewa ba ka zo ba ne kawai, sai dai ka koma kan ejan da shaidarka. Ka auna kayanka tun a otal. Zamzam ba a cusa shi cikin akwati. Na'ura za ta gani, a fitar da jakar a buɗe, wani lokacin jirgi ya tashi ya bar ta. Akwai galan mai lita 5 da aka rufe musamman don jirgi, ana sayar da shi a filin jirgin, ka tambayi kamfaninka ko yana karɓa. In ya karɓa, shi ma takardarsa daban, ka ƙirga ta cikin rasit ɗinka.

Aikin Hajji tsarinsa daban

Alhajin da ya tafi ta hukumar jin daɗin alhazai ta jiharsa ba shi ke neman mota ba. Motocin alhazai a Saudiyya ƙarƙashin ƙungiyar da ake kira Niƙaba suke, kamfanin hidimar alhazai da NAHCON ta ƙulla yarjejeniya da shi ne ke tarya, kuma jami'in alhazai na ƙaramar hukumarka shi ne ƙofar farko ta kowane koke. Wajen dawowa akan auna manyan jakunkuna a Makka kwanaki kafin tashi, a tafi da su gaba. A wurin awon nan ma kada ka miƙa jaka ka juya ba tare da rasit ba. Akwai kuma shirin Hanyar Makka, wanda alhazan ƙasashe irin su Malesiya, Indonesiya, Pakistan, Bangladash, Moroko, Turkiyya da Kwaddibuwa ke mora: ana gama musu binciken shige da fice tun a gida, a kai jakunkunansu masauki kai tsaye. In ka ga wasu sun wuce bel ɗin kaya hannu rabbana, wannan ne dalili, kada ka bi sahunsu.

Mataki na ƙarshe: neman hakki

Rahoton PIR cigiya ce, ba neman diyya ba. Sai ka sake rubuta wa kamfanin jirgi ta shafinsa ko ta imel, kuma Yarjejeniyar Montreal ta yanka wa'adi: kwana 7 daga ranar karɓa ga jakar da ta lalace, kwana 21 daga ranar da aka miƙa maka ga wadda ta makara. Wadda ta kwana 21 ba ta iso ba kana da damar neman diyyarta a matsayin ɓatacciya. Iyakar abin da za a biya fasinja ɗaya, tun daga ƙarshen Disamban 2024, shi ne 1,519 na ma'aunin kuɗin SDR na asusun IMF, wato wajen dala 2,000. Wannan iyaka ce, ba abin da ake miƙa wa kowa ba. Gwargwadon abin da ka tabbatar za a ba ka. Shi ya sa rasit ɗin jallabiya da sabulu da takalmin da ka saya kana jiran jaka yake da amfani, haka hoton da ka ɗauka a gida. Mai ɗauke da kayan da suka fi wannan daraja yana iya bayyanawa a wurin awo ya biya ƙari don a ɗaga iyakar. Damar zuwa kotu kuma shekara 2 ce.

In kamfanin ya yi biris, sashen kare hakkin fasinja na NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, yana karɓar ƙorafi, a Saudiyya kuma takwararta GACA. Abin da ya shafi mota da masauki ba ya zuwa can. Ka fara da ejan, ka tura masa saƙonnin da kuka yi da rasit ɗin tasi da adadin da kake nema, ka sa masa rana. In ta wuce, ka kai takardun NAHCON ko COHO tare da kwafin rasit ɗin kuɗin da ka biya shi tun farko.